Ragon Suna a Layin Karusa

Makon jiya aka yi sunan jikana a nan Guangzhou, ban ga ragon da idona ba. Ubansa ya danna waya, aka yanka can bayan gari inda Musulmin ƙasar ke yanka, kafin azahar sai ga mai babur ya hawo mana da nama cikin farin kwali, da sanyinsa, an sassara an jera kamar sabulu. Ba kai, ba ƙafa, ba fata. Na tambayi mai babur ɗin ina kan, ya ce "meyo", wato babu, kalmar da na fi ji a bakin mutanen garin nan. Muna zaune can sama a wani dogon bene da ke kallon titin Huanshi Lu, motoci na kwarara a ƙarƙashinmu ba tsayawa, kuma matar da ƙofarta ke kallon tamu har yau ba ta san an haihu a gidan nan ba. Ba na ganin laifinta. Mukan haɗu a lifta, ta yi murmushi, in yi murmushi, kowa ya mai da ido kan lambobi.

Mata sun zo sunan, matan 'yan kasuwa da 'yan mata ɗalibai, an ci an sha. Ana cikin hira maganar Indiya ta taso, sai wata Hajiya da mijinta ke sayen kaya a kasuwar Shahe ta juyo gare ni. "Mama, ashe ke har zama kin yi a can? Allah ya cece ki. Yaya kika yi da masu bautar gumaka, kullum ki buɗe ƙofa ki ga shirka?" Na ce, "Hajiya, gaskiyarki, na buɗe ƙofa na ga shirka. Na kuma ga mutane. Ke da kike buɗe taki a nan, me kike gani?" Wata ɗaliba daga can gefe ta ce, "Lifta," aka kwashe da dariya, surukata ta yi maza ta miƙa wa Hajiya faranti. Na ƙyale ta don baƙuwa ce a ɗakinmu, amma maganar ba ta ƙare a cikina ba. Ni dai ba za a zauna a gabana a tattara mutanen garin can na Indiya a kalma ɗaya a watsar ba, ina raye.

Da ƙuruciyata aka kai ni, ban daɗe da gama sakandare ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, wakili ne na wasu fataken Kano masu tura fatun awaki zuwa wuraren jima na ƙasar Tamil, can kudancin Indiya. Shi ke tsayawa a kwance kaya a duba. Garin ƙarami ne, da ƙafa ake zagaye shi. Da farko mun sauka a unguwar Musulmi kusa da wuraren jimar, to da na sami ciki sai warin ya hana ni riƙe ko ruwa a cikina. Maigida ya yi ta nema har ya samo mana gida a tsakiyar gari, a ɗaya daga cikin layukan da suka kewaye babban gidan bautarsu. Mai gidan, wani ɗan kasuwar yadi mai farin gashin baki, sharaɗi ɗaya ya kafa: ba za a dafa nama ko kifi a gidansa ba, don duk layin ba mai ci. Muka yarda. In kwaɗayi ya taso, ran Juma'a sai mu tsallaka unguwar Musulmi mu ci a can, mu wanke hannu mu dawo.

Abin da na fi tunawa sauti ne. Kafin gari ya waye ƙararrawar gidan bautar ta buga, daga tsallaken tafki ladani ya ɗaga murya, ba wanda ke jiran wani, ba kuma wanda ke danne wani. Sai wata doguwar algaita ta kama kuka a ƙofar hasumiyar gidan bautar. Sai ka ji fatsal, fatsal, mata na watsa ruwa a ƙofofinsu, tsintsiyar kwakwa na karce ƙasa, dutsen niƙa na gurnani a kowane gida ana markaɗa shinkafar kalaci. In an gama shara kowace mace ta durƙusa da garin shinkafa a tafin hannu, ta zana ƙofarta da ɗige-ɗige da layuka masu lauje, kolam suke ce masa. Ni ban san komai ba. Na share ƙofata tas irin ta gidanmu, na koma ciki. Can sai ga sallama, wata tsohuwa baƙa siririya da dakalinta ke manne da namu, ta shigo fuska a ɓace, ta kama hannuna biyu. Da ɗan Turancinta da nunin hannu na gane tambayarta: wa ya rasu? Ashe a wurinsu ƙofar da ta wayi gari ba zane, gidan makoki ne.

Pati kowa ke ce mata, wato kaka. Na faɗa mata ba wanda ya mutu, kuma ni ba zan yi zanen ba, don ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba, addinina bai ba ni ba. Ta dube ni ta ce garin shinkafar ai na tururuwa ne da tsuntsaye, su ma su karya kumallo kafin mutum. Na ce in don wannan ne zan watsa musu gari haka nan, sadaka ce a wurinmu ma. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Watsa. Tururuwa ba ta duba zane. Kada dai ki bar ƙofa tsirara." A haka muka zauna. Ban taɓa taka cikin gidan bautarsu ba, ban taɓa cin abin da aka kai gaban gunki ba. In ta dawo da shi a ganyen ayaba tana raba wa layi, sai ta tsallake ƙofata, anjima ta aiko mini da nata girkin na gida, da zafinsa. Ba ta taɓa cewa in gwada ba. Ni ma in na shimfiɗa sallaya tana ɗakin, takan ja bakinta ta yi shiru har in sallame.

A dakalinta na koyi yaren da ɗan abin da na sani na garin, tana saƙa furanni a zare, don ita ke yin babbar sarƙar furen da ake rataya wa abin bautarsu ranar biki. Ta ce wani sarki ne ya gina hasumiyar bayan ya warke daga ciwo, labarin yana nan sassaƙe a jikin duwatsun bango da rubutun da jikokinsa ma ba sa iya karantawa. Ban da babban gidan akwai wani ƙarami a gindin bishiyar darbejiya, inda mata ke zuwa in ƙyanda ta shigo gari. Akwai kuma na bakin gari, babu rufi, sai manyan dawakan yumɓu a jere suna kallon gonaki, can ne manoma ke yanka awaki. Masallacin da ke tsallaken tafki kuwa, ta ce in je in dubi ginshiƙansa. Na je na duba. Dutse iri ɗaya ne da na hasumiya, sassaƙa iri ɗaya, sai dai babu siffar mai rai, ganye ne da fure. Ta ce magina ɗaya ne suka yi duka biyun, lokacin da kakannin Musulmin garin suka zo ta teku da dawakai na sayarwa. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, yadda ta faɗa mini na faɗa.

Kwanan baya wani Batamile da ke ciniki da yaron nan, uban jikan nawa, ya nuna mini garin a wayarsa. Da ƙyar na gane layin. Gidajen masu jan rufi da dakali an rushe yawancinsu an ɗora shaguna, kolam ɗin ma a ƙofofi da yawa na leda ne da ake mannawa, ko fenti da ba ya gogewa, tururuwa sai ta nemi wani wurin. Karusar bikinsu an sa mata ƙafafun ƙarfe, motar tura ƙasa na ingiza ta ta baya. A zamaninmu ƙafafunta katako ne, kowace ta fi mutum tsayi, ita kanta ta kai bene, kuma ba abin da ke motsa ta sai hannun mutane. Sau ɗaya a shekara ake fito da ita, a ɗora abin bautar a kai, a shimfiɗa igiyoyi masu kaurin cinya, gari duka ya kama ya ja ta zagaye layukan nan. Pati ta ce tun ranar da aka kawo ta garin tana amarya ba shekarar da hannunta bai taɓa igiyar ba.

Ana shirin wannan biki na haihu. Ba uwa, ba gwaggo, ba kowa nawa. Na gaya wa Pati yadda ake wankan jego a wurinmu, ta sa hannu a ruwan da na ce ya yi, ta fizge ta ce, "Ku a ƙasarku dafa mai jego kuke yi?" Amma ita ta karyo ganyen darbejiya, ita ta riƙa tsoma shi tana bugun bayana safe da yamma tana mita, ta kuma cika ni da tafarnuwa har na daina jin ƙamshin komai. Muka lissafa, sai ga ranar suna ta faɗa daidai ranar jan karusa.

Maigida bai ga matsala ba. Mutumin kirki ne, sai dai Bakano ne har ƙashinsa. A wurinsa ragon suna a ƙofar gida yake kwana, kowa ya wuce ya gani ya san yaro yana da uba, a ƙofar gida kuma ake yanka shi. Na ce, "Malam, sharaɗin mai gida fa?" Ya ce, "Girki ya hana. Wannan ibada ce, ba girki ba." Jajiberin suna da la'asar ya jawo wani jan rago daga ƙauye, ya ɗaure a ginshiƙin dakalinmu, ya wasa wuƙarsa ya naɗe a tsumma.

Da safe hayaniya ce ta fito da ni bakin taga. An wanke layin tas, kowace ƙofa da zane mai faɗin tabarma, an kafa itatuwan ayaba, an rataya ganyen mangwaro. Ragonmu ya lashe zanen ƙofar Pati har ƙasa, ya miƙa wuya kan dakalinta inda ta ajiye kwandon sarƙar furen da ta shafe kwanaki tana saƙawa, ya cinye fiye da rabi. Yana tsaye yana tuƙa, farin fure na lilo a gefen bakinsa. Mutane sun cika ƙofarmu, samari masu ɗaure da jan ƙyalle a kai suna ta magana lokaci ɗaya, wani ya gano wuƙar a kan dakali ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Mai gidan ya iso. Ya ce jini a wannan layi, a wannan rana? Ya ce mu tattara mu bar masa gida cikin makon. Sai wani dattijo daga masu kula da gidan bautar ya kawo abin da yake gani sulhu ne: dabbar da ta ci furen abin bauta ta zama tasa, a shafa mata jan gari a goshi a sake ta, ta yi yawonta a gari ba mai taɓa ta har ta mutu. Jama'a suka yi na'am. Na ga maigidana ya fara kwance igiyar.

Ban san sadda na saɓa jariri a kafaɗa na fito ba, ni da ko tsakar gida ba a so in taka. Na kama igiyar. Maigida ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Koma ciki, ke mai jego ce. A bar musu, gobe na nemo wani."

Na ce, "Gobe ba ranar suna ba ce, Malam. Kuma ko garke za ka sayo, wannan da sunan Allah aka yi niyyarsa. Ba za a sake shi da sunan wani ba."

"Za su kore mu."

"Su kora."

Na juya na faɗa wa dattijon haka da guntun yarensu da na iya. Wani mai sayar da madara da ke kawo mana kullum, don tausayi, ya matso ya ce, "'Yar'uwa, to ku kai shi wurin dawakan yumɓu mana, nan kusa ne ta bayan layi, can kowa na yanka." Har ga Allah taimako yake nufi. Na ce masa na gode, amma can ma ba zan kai ba. Sai aka fara gunaguni, nan ba ta so, can ba ta so, me baƙuwar nan take nema? Ni kuwa na naɗe igiyar a hannuna har ta shiga nama.

Sai Pati ta fito. Ta dubi kwandonta, ta ɗaga guntun sarƙar da ya rage, ta daɗe tana kallonsa. Na ce a raina yau na rasa ta. Ta juya wurin dattijon ta ce, "Furen nan ya shiga ƙofar hasumiya?" Ya ce bai shiga ba. "An rataya shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To har yanzu nawa ne. Ni na tsinko, ni na saƙa, a dakalina yake. Rago ya ci kayan tsohuwa, tsohuwa ta yafe. Ku aika kasuwa a sayo wani, masu sayar da fure ma su ci biki." Ta dubi mai gidan ta ce, "Kai kuma, yau abin bautarka zai fito ya ga layinsa, shi ne za ka nuna masa mai jego a titi? In ya iso ƙofar nan ka tsaya ka gaya masa da bakinka." Ya juya ya tafi. Mun ƙara shekaru a gidan, ko da yake bai sake amsa gaisuwar maigidana ba.

Ba ta ƙyale mu ba mu ma. Ta karɓi wuƙar ta miƙa wa maigida ta ce ya ɓoye ta cikin riga, jini ba zai zuba a layin nan ba, yau ko wata rana, babban mutum da shi ya kamata ya sani. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce in ba ta igiyar. Na ƙi. Ta ce, "Masallacinku zan kai shi. In mijinki ya ja shi cikin taron nan ba zai kai tafki da shi ba. Ni ba mai tare ni." Na dubi idonta, na warware igiyar daga hannuna. Ta ce, "Shiga ciki, iska za ta shige miki ƙashi."

Ta taga na ga tafiyarsu. Tsohuwar da tunda aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba, tana gaba tana jan rago zuwa wurin yanka, rago na turjewa tana zaginsa, maigidana na biye da kai a sunkuye kamar wanda aka kamo daga yawo. Taron ya riƙa tsagewa yana ba ta hanya. Wasu mata sun kau da kai, na gani.

Suna ɓacewa aka buga ganguna. Na ji ihun gari ya tashi gaba ɗaya, sai ƙarar katako kamar ana tsaga babbar bishiya, ƙasa na girgiza har ruwan randa na motsi. Karusar ta zo ta gaban tagata ta rufe hasken ɗakin, na rungume yaro ina karanta abin da ya zo bakina. A kowace ƙofa ana tsayawa masu gida su fito su fasa kwakwa su kama igiya. A ƙofar Pati aka tsaya, aka jira kaɗan, ba wanda ya fito, aka wuce.

Rana ta take tsaka Pati ta dawo. Maigida yana can masallaci ana fiɗa ana rabo, a can aka soya a can aka cinye, ko tsoka ba ta shigo layin ba. Ta shiga tafki da kayanta ta yi wanka, sarinta, dogon zanen da matansu ke naɗawa, ya manne mata a jiki, ruwa na ɗiga daga farin gashinta. Na ce ta yi sauri, karusar ba ta gama zagaye ba, za ta same ta a layin baya. Ta girgiza kai ta ce hannun da ya ja dabba zuwa wuƙa ba zai taɓa igiyar ba bana, ko an wanke shi. Ba wanda ya ɗora mata, ita ta yanke wa kanta. Shekarar da ta zagayo kuwa gwiwoyinta sun riga sun kwantar da ita, daga kan gado ta ji wucewarta.

Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, don kada ta jiƙa mini ɗaki. Ta ce, "A bayan katanga na tsaya. Na ji suna addu'a, ban ji sunan ba. Me aka sa masa?"

Na ce ta jira ubansa ya dawo ya gaya mata. Na yi mata bayani cewa a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce, mahaifiyata ko sau ɗaya ban taɓa jin ta kira yayana da sunansa ba.

Ta ce, "Ubansa bai riƙe igiya ba. Ke na tambaya."

Na dubi ruwan da ya taru a ƙafafunta, na dubi tafin hannunta inda igiyar ta yi ja. Na matsa kusa da kunnenta na faɗa. Ta maimaita shi a hankali har ya zauna mata a baki, ta leƙa fuskar yaron ta kira shi da shi, sannan ta juya ta tafi sauya kaya.

Yaron yau furfura ta fito masa a gemu, shi ne mai danna waya a kawo rago cikin kwali, kuma bai taɓa jin sunansa daga bakina ba. Ubansa ma har ya koma ga Allah bai ji ba. Kunne ɗaya ne a duniya ya ji, kuma mai kunnen ba ta taɓa fuskantar alƙibla ba. Hisabinta yana hannun wanda ya halicce ta, ni ban isa in sa baki ba, ban kuma sauya ko wasali ɗaya daga abin da na yi imani da shi ba. Amma wanda zai ga laifina ya gani. Da za ta sake tsayawa a jiƙe a bakin ƙofata ta tambaya, zan sake matsawa kusa da kunnenta in faɗa.